Wayar da Baba Ya Ɗaure

Ranar Litinin da safe keken Baba ya ƙi tashi, kafin azahar kuma Baba ya sanar da ni cewa ranar Juma'a zai koma gida.

"Na yi magana da Hayatu direba," in ji shi, ko kallona bai yi ba. "Ya ajiye mini kujeran gaba."

Gida a bakin Baba ba wannan ɗaki biyun da muke zaune a Shagari Low Cost ba ne. Ƙauyenmu yake nufi, can bayan Madagali a gindin dutse, inda muka fito da gudu a 2014 da kayan jikinmu. Mutane sun koma, ban musa ba. Amma a daminar bara aka bi abokinsa har cikin gonar gyaɗa, yau matarsa ita kaɗai ke nome gonar. Baba ya san wannan sarai, shi ya karanta addu'a a zaman makokin da aka yi a Jimeta.

Sunana Liyatu, ina koyar da aikin lantarki a wata makarantar koyon sana'a. Babana Nicodemus shekara talatin ya yi yana gyaran babur, har ta kai idan babur ya wuce ta bayan gida yakan faɗi ciwonsa daga ƙararsa. Da muka iso Yola sai muka tarar an hana hawa babur a cikin gari saboda tsaro, bakanike ya zo garin da babu abin gyara. Mun yi shekara biyu a sansanin Malkohi, a can Mama ta rasu. Bayan na sami aiki muka dawo Shagari, Baba ya sami kujerar roba a bakin ƙofa ya zauna. Shekara bakwai yana wannan zaman, maganarsa a yini ba ta wuce a ƙirga da yatsu.

Keken lantarkin ne ya tashe shi. Bara na saya masa. Yana da feda kamar kowane keke, ba ya ƙara, ba wanda ya taɓa tare shi a hanya. Wani dattijo a Malkohi ya ba shi aron fili, ya shuka masara da wake, kullum da sassafe ya hau ya tafi. Napep iyakarsa bakin titi, sauran tafiyar kuma gwiwar Baba ba za ta iya ba, don haka in babu keken babu gona. Ya koma cin abinci da kyau, ya koma yi mini faɗa a kan gishirin miya. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba.

Ran Asabar ruwan Agusta ya tare shi a hanyar dawowa, ya tako shi a hankali har gida. Litinin ya murɗa totur, tayar baya ta yi gurr-gurr, ta yi rawa kamar mai jin sanyi, ta tsaya.

"Baba, ka ba ni zuwa Alhamis," na ce. "Zai tashi."

"In ya tashi, to. In bai tashi ba, me zan zauna yi? Gara in je in mutu a gonan ubana da in mutu a kan kujeran roba."

Na shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya, na kifa keken tayoyinsa a sama, na ɗauko mitar gwajin wuta. Na fara da abin da nake koya wa ɗalibaina, wato mai sauƙi tukuna. Batir cike yake. Fis lafiyarsa lau. Na cire wayoyin birki, domin idan ruwa ya shiga makunninsu keke yakan ɗauka an taka birki ya ƙi tafiya. Na murɗa totur. Gurr-gurr. Na zare duk soket ɗin da ke jikin keken ɗaya bayan ɗaya, na goge su, na shanya a rana har sai da ƙarfen ya fara ƙona yatsa, na mayar. Gurr-gurr.

Baba ya jawo kujerarsa ya zauna a kaina.

"A wanke shi da fetur."

"Ba kafireto ba ne, Baba."

"To ina fulogin?"

"Ba shi da fulogi."

"Injin da ba shi da fulogi, ba shi da mai, ba shi da salansa, ta ina mutum zai ji ciwonsa? Wannan ai fanka ne aka sa wa taya."

Maƙwabta kuwa kowa ya zama injiniya. Wata ta ce in binne shi a buhun shinkafa kamar yadda ake yi wa wayar hannu, na ce ta kawo buhun da zai ci tayar keke. Wani ya ce a tura shi da gudu zai kama. Ban tanka masa ba, da na tanka da ba mu sake gaisawa ba.

Ran Talata na cire kwantirola, wato ɗan akwatin da ke raba wa injin wuta, na tafi kasuwar Jimeta wajen Jibrilla wanda ya sayar mini da keken. Shagonsa cike yake da fitilun sola da fankoki, shi kuma waya biyu a kunne biyu. Sai da na yi kusan awa a tsaye kafin ya juyo ya gaishe ni da Fulatanci.

"Adda Liyatu, jam na? Wace wahala kuma?"

Na yi masa bayani. Ya ɗaura kwantirolata a wani keken da ke shagon, tayar ta juya sumul kamar tana yi mini dariya.

"Ka gani ko? Wannan lafiya yake. Matsalan yana cikin taya." Injin irin wannan keken a cibiyar tayar baya yake zaune, a rufe kamar kwanon sha da murfinsa. "Ruwa ya shiga moto ke nan. Sai dai a canja tayan gaba ɗaya, kuma e no de, babu shi a nan, sai an sauke kaya a Legas. Sati uku, in Allah ya so."

"Kwana uku gare ni, Jibrilla."

"To ni ne jirgin ruwa?" Ya ɗan tsaya. "Amma tsaya, ruwan ya kai ina? Ya nutse ne?"

"Baba ya ce ko idon sawu bai rufe ba."

"A'a fa. Na sayar da irinsa goma sha biyu, ana shiga ruwan sama da su kullum, ba wanda ya dawo. Naku dai akwai abin da ya same shi."

Na fito raina a ɓace, ina cewa a zuciyata ɗan kasuwa ba ya taɓa yarda kayansa ne mai laifi. A cikin Napep har na yi faɗa da direba a kan abin da bai kai ya kawo ba, don kawai ya taka rami.

Laraba ban je makaranta ba. A cikin injin akwai wasu 'yan sansa guda uku, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba, su ke gaya wa kwantirola inda tayar take don ta san lokacin tura wuta. Idan ɗaya ya mutu sai injin ya rikice ya yi ta rawa a wuri ɗaya. Gwajinsu sai da mutum biyu, ɗaya ya riƙe mita a kan waya, ɗaya ya juya taya a hankali. Na roƙi Baba.

"A hankali, Baba."

Ya wulwula ta kamar zai kunna janareta.

"A hankali na ce!"

"Yanzu ni za a koya wa juya taya?"

Da ƙyar muka daidaita. Wayar rawaya, mita ta yi tsalle daga sifili zuwa biyar ta dawo. Shuɗiya ma haka. Koriya kuwa ta kafe a wuri ɗaya, ko gezau. Na gane sansa ɗaya ya tafi, kuma dole a buɗe injin. Kusoshin murfin guda takwas ne, shida suka fito, biyu suka ce sai dai a kashe su. Na zuba musu mai, na buga, na roƙe su. Sukundireba ya zame ya yanke ni a tafin hannu. Na zauna a ƙasa ina tsotsar jinin, hawaye na zubo mini, ba don zafin yankan ba. Ta taga ina hango Baba yana ninke rigunansa yana sawa a jakar Ghana-mos-go, ya ɗora Littafi Mai Tsarki a sama.

Ran Alhamis da hantsi kusoshin suka haƙura. Na kwance noti zan zare tayar daga jikin keken, sai idona ya sauka a kan abin da na yi kwana uku ina kallo ban gani ba.

Wayar injin tana shiga ne ta wata 'yar kafa a jikin shaf, ƙarfen da tayar ke juyawa a kansa. Yadda masu ƙera shi suka yi, kafar ƙasa take kallo, wayar kuma a sake take, tana yin ɗan lanƙwasa ta sauka ƙasa kafin ta hau jikin keken. In ka gan ta sai ka ce sakaci ne. Amma da gangan aka bar ta haka, don ruwan da ya biyo wayar ya taru a gindin lanƙwasar ya ɗiga ƙasa. A keken Baba kuwa, in ka tsayar da shi a kan tayoyinsa, kafar sama take kallo. Lanƙwasar babu ita. An ja wayar ta miƙe sambal daga ƙarƙashin sirdi har bakin kafar, an naɗe ta da robar tub, naɗi mai kyau, kowane zagaye ya hau rabin na bayansa, an soke bakin a ciki babu ƙulli. Duk ruwan da ya sauka a bayan keken an yi masa hanya har cikin injin, kamar indararo a bakin randa.

Na san wannan naɗin. Da shi aka ɗaure mariƙin bokitinmu, da shi aka ɗaure ƙafar tabarau ɗinsa. A watan Yuli ƙaya ta fasa tayar baya, na dawo daga aiki na tarar Baba ya cire ta da kansa ya yi faci ya mayar, yana ta fara'a. Har ya ce mini 'yan kamfani ba su iya aiki ba, sun bar waya tana reto kamar hanjin kaza, shi ya gyara musu. Ni kuma na ce masa sannu da aiki.

Na waiga, yana ɗaki. Na sa reza na yanke robar, na dunƙule ta na cusa a aljihun siket ɗina. Na yanke shawara ba zai taɓa sani ba. Mutumin da aka raba shi da gidansa da matarsa da garejinsa, abin da ya rage masa shi ne cewa hannunsa bai taɓa ɓata aiki ba. Ba ni ce zan karɓe wannan ba.

Na ɓamɓare murfin. Ruwa ja mai warin tsatsa ya zubo a kan tabarma, ya kai cikin kofin shayi. Maganadisun da ke zagaye da cikin tayar duk sun yi ja, allon da sansa ke kai ya yi kore kamar tsohuwar tukunyar tagulla. Na kira Jibrilla a waya ko yana da sansa kawai. Ya ce shi ma sai cikin kayan Legas. Na kira wani mai gyaran inbata ta wutar sola, na kira wani tsohon ɗalibina a Ngurore da ke gyaran famfon sola. Babu, babu. Alhamis ke nan, rana ta take tsaka.

Baba ya fito ya tsaya a kaina, hannu a baya, ya leƙa cikin injin.

"Ka ga irinta," ya ce. "Ruwan sama kaɗan, ya cika ciki kaman kwaɗo. Ni babur ɗin da na gyara, da shi ake ƙetare rafi a watan Agusta."

Na sunkuya ina goge maganadisu.

"Kayan wasan yara ne. Tun ranan da kika kawo shi na sani, don dai kada in ɓata miki rai ne."

Na ci gaba da gugata.

"Kwana huɗu, Malama. Da mita, da littafi, da waya a kunne. A garejina in yaro ya yi kwana huɗu a kan aiki ɗaya bai gano ciwon ba, gida nake tura shi ya je ya yi kiwon awaki. Ban san abin da kuke koya wa 'ya'yan mutane a makarantan nan ba."

Ina da zuciya, a wurinsa na gada. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Na gano ciwon, Baba! Ga shi nan!" Na zaro robar na jefa a kan tabarma a gabansa. "Kai ne ciwon. Ka juya shaf sama, ka ja waya ka ɗaure, ka yi wa ruwa hanya da hannunka. Wancan reton da ka ce rashin iya aiki ne, shi ke hana ruwa shiga. Shekara guda keken nan yana shan ruwan sama bai yi tari ba sai da ka gyara shi!"

Matar da ke wanki a bakin famfo ta kwashi bokitinta ta shige ɗaki.

Baba ya dubi robar. Ya durƙusa da wannan gwiwar tasa mai ciwo, ya ɗauki robar ya warware ta. Ya ɗauki shaf ɗin ya juya shi, ya sa ɗan yatsa a bakin kafar, ya bi wayar da ido daga sama har ƙasa, ya sake bi. Bakanike ne, ba ya bukatar a faɗa masa sau biyu. Na ga lokacin da abin ya shige shi, kafaɗunsa suka sauka. Ya miƙe da ƙyar, ya shiga ɗaki da robar a hannunsa, ya saki labule.

Na yi tuwo da miyar kuka, bai ci ba. Na tsaya a bakin labulen na ce, "Baba, ka yi haƙuri, bakina ne." Ya ce, "Ba komai." Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tsani kaina, na tsani keken, na tsani Jibrilla da ya fi ni gaskiya. Na sayo abin da zai riƙe ubana a kusa da ni, ga shi da bakina na ƙarasa korarsa.

Juma'a da sassafe na ji hon ɗin motar Hayatu a bakin layi. Na fito ina ɗaura ɗankwali, jakar Baba tana nan a bakin ƙofa a zuge. Sai na ji wani sauti daga gindin dalbejiya, shaf-shaf-shaf.

Yana zaune a kan tabarma, ba a kujerar roba ba. Ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki. Ya ɗauko faifan da nake tankaɗe a kai ya jera kusoshi takwas da noti da 'yan zobban ƙarfensa bi da bi, yadda za su koma. Tayar tana kan cinyarsa, yana bin maganadisun ɗaya bayan ɗaya da 'yar takardar yashi, ya riga ya yi kusan rabi, suna ƙyalli.

Hayatu ya gaji da hon ya shigo da kansa, makulli a hannu.

"Bappa, rana yana yi fa. Fasinja suna jira."

"Ka ba wani kujeran," Baba ya ce, bai ɗago ba.

"Ka fasa ne?"

"Ina da aiki a buɗe." Ya hure garin tsatsa daga kan maganadisu. "Shekara talatin ba wanda ya kawo mini abin hawa na lalata masa na kama hanya. Ba zan fara a kan na 'yata ba."

Hayatu ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya fita. Na ji motar ta tashi, ƙararta ta yi nisa har ta ɓace. Na zauna a gefen tabarmar.

"Boris ɗin wannan gefen ma ya sha ruwa," in ji Baba. "Saurara." Ya juya zoben ƙwallayen ƙarfen da ke sa taya gudu kusa da kunnena, na ji yana ƙara kamar an zuba masa yashi. Kwana huɗu ina kan keken nan ban ji wannan ba, mita kuma ba ta da kunne. "Wannan nawa ne, zan nemo shi a kasuwa yau. Wancan ƙwayan shinkafan kuma naki ne. Yaushe zai zo?"

"Sati uku, in ji Jibrilla."

Ya ja tsaki. "Ciyawa zai cinye waken."

"Gobe Asabar ba ni da aji. Zan je in yi maka noman."

"Ke? Ki nome mini wake ki bar ciyawa." Ya tura mini mitar da ƙafa. "Nuna mini yadda ake karanta abin nan. Kuma a hankali, ba da ihu ba."

Keken dai har yau yana nan a kife a gindin dalbejiya, tayarsa a buɗe, na rufe shi da buhu. Duk wanda ya shigo gidan sai ya tambaya bai tashi ba har yanzu, ni kuma sai in ji kamar in jefe shi da sufana. Jakar Baba tana bayan ƙofa, bai kwance ta ba, bai kuma sake maganar Hayatu ba. Kullum yakan gwada batirin tocilan da mita ya rubuta abin da ya gani a bayan kalanda.

Shekaranjiya Jibrilla ya kira ni yana murna, wai wani abokinsa zai taso daga Kano, zai iya riƙo mini sansa kafin Laraba. Na leƙa tsakar gida, na ga Baba ya sunkuya a kan tayar yana shafa wa sabon boris giris da ɗan yatsa, yana 'yar waƙar coci a ƙasan maƙoshi. Na koma ƙuryar ɗaki na rage murya.

"Jibrilla, kada ka wahalar da abokinka," na ce. "A bari na Legas ɗin ya zo."